Godiya ga masu shagon robobin aikin injiniya

Assalamu alaikum, Malam Injiniya da dukan ma'aikatan shagonka.

Sana'ata gyaran ƙananan injuna ce, kuma sau da yawa abin da ke tsayar mini da aiki ɗan bushin ne na roba, wato guntun da ake sakawa a rami don rage gogayya, wanda kaurinsa bai wuce milimita 6 ko 8 ba. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda yadda kuke yanka mini 'yan sandunan robar da nake yin bushin ɗin da su: baki a miƙe, babu kaushi, babu narkewa, tsawon kowanne daidai da na ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa datse irinsu da filaya ya san yadda bakin ke fitowa a matse, ya ƙi shiga rami.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku ɓoye sirrin ba. Malam, kai da kanka ka zaunar da ni ka nuna mini cewa zafi ne babban abokin gaba. Roba ba ta kwashe zafi kamar ƙarfe, sai ya taru a bakin zarto, ta yi laushi ta manne wa haƙora. Asital, wani nau'in roba da aka fi sani da Delrin, yana narkewa a wajen digiri 175 na ma'aunin Selshiyas, kuma zarto mai dakushi na iya kai shi nan da wuri. Shi ya sa kuke ware wa roba zarto nata mai kaifi da ƙananan haƙora, wanda bai taɓa cin ƙarfe ba, kuna ja a hankali kuna hure garin.

Dabarar katakon nan kuwa, ta cancanci yabo na musamman. A huda katako daidai kaurin sandar, a tsaga shi a gicciye da zarto, a zura sandar, a bi tsagin a yanka. Sandar ba ta birgima, ba ta lanƙwasa, kuma babu matsin da zai ɓata zagayenta. Ni ma na yi nawa yanzu.

Na kuma lura ba ku yi wa kowace roba kuɗin goro ba. Teflon mai laushi, sabuwar reza kuke mirgina masa. Akirilik mai saurin tsagewa, kuna tallafe ƙarshensa har zarto ya gama ratsawa. Nailan kuma kun gargaɗe ni cewa yana shan danshi, awonsa kan ɗan canza bayan yanka. Inda ake son awo ba kuskure, sai ku ɗora a injin da ke juya sanda yana datse ta.

Odata ƙarama ce, amma yaronka ya zauna yana kankare bakin kowane guntu, yana aunawa kafin ya sa a leda. Ina roƙo a isar masa da godiyata.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naku,
Wani mai gyaran injuna