Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Daidai Da Kuskure A Harshe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, Malam, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Na karanta wasiƙarka, inda ka koka cewa ɗalibanka 'yan ƙasar Sakkwato suna ɓata Hausa saboda suna cewa "zamna" da "sabka" maimakon "zauna" da "sauka". A nan kam ban goyi bayanka ba, kuma zumuncinmu ya sa ba zan ɓoye maka dalili ba.

Masana kimiyyar harshe sun nuna cewa lafazin Sakkwatawa ne ya riga. August Klingenheben, wani Bajamushe, ya bayyana tun ƙarshen shekarun 1920 yadda wasu baƙaƙe suka yi rauni a ƙarshen gaɓa har suka koma "u" a bakin Kanawa, wato "abduga" ce ta zama "auduga". Kananci ya zama ginshiƙin Daidaitacciyar Hausa ne saboda kasuwanci da yawan jama'a, sannan littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, suka ƙara kafa shi. Zaɓe ne aka yi don sauƙin rubutu da karatu, ba hukunci aka yanke cewa sauran karin harshe gurgu ne ba.

Ƙa'idar da ta fi ba ni mamaki ita ce wadda ba a koya wa kowa a aji. Yaron da bai taɓa riƙe alƙalami ba zai ce "baƙi sun zo", amma da zarar ya sa "da" sai ya ce "baƙin da suka zo", kuma ba za ka ji ya ce "baƙin da sun zo" ba. Wa ya karantar da shi wannan? Irin wannan nahawun da ke cikin kan mai magana shi ne Noam Chomsky, wani masanin harshe Ba'amurke, ya mayar da hankalin masana a kansa daga 1957, kuma aikin mai nazari shi ne ya gano shi ya bayyana, ba ya ƙaga nasa ya ɗora wa mutane ba. Basakkwacen da ya ce "zamna" yana bin ƙa'idar karin harshensa sau da ƙafa.

Ƙa'idojin rubutu kuwa yarjejeniya ce, tun daga dokokin rubutun Hausa na 1912 na Hanns Vischer, jami'in ilimi na Turawan mulkin mallaka, zuwa taron daidaita rubutu da aka yi a Bamako ta ƙasar Mali a 1966, kuma a wannan fagen ina tare da kai ƙwarai. Wanda ya rubuta "baki" alhali "baƙi" yake nufi, ko ya haɗe "shi ne" ya mayar da ita kalma guda, ya wahalar da mai karatu, musamman da yake rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali.

Saboda haka ina roƙonka ka gyara musu rubutu da kyau, ka nuna musu siffar da jarrabawa take nema, amma kada ka ce musu maganar iyayensu kuskure ce. Idan ka sami dama, ka tattaro min kalmomin da suke furtawa daban, domin ina son in kwatanta su da na Katsinanci.

Ka gaishe min da iyali da sauran malamai. Allah ya bar zumunci.

Naka amini.