Ba kowa ne ke murna da ganin watan Sallah ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk shekara idan Sallah ta matso, shafukanku kan cika da farashin shadda da atamfa da shirin Hawan Daushe. Ba laifi. Sai dai akwai waɗanda gabansu ke faɗuwa da zarar an ce an ga wata, kuma ni ina cikinsu.

Ni tela ne a Kano, na haura shekara 20 a kan keke. A goman ƙarshe na azumi, mutane na neman Lailatul Ƙadari, mu kuwa neman yadda za mu cika alkawari muke yi. Shekara uku ke nan, ana jibi Sallah, wajen ƙarfe biyu na dare ina haɗa wuyan wata babbar riga, sai zuciyata ta kama dukan uku-uku. Gumi ya karyo mini, hannu ya ɗauki rawa, numfashi ya ƙi isa ƙirji. Na yi kalmar shahada, don na sakankance tafiya ce ta zo. Yaran shago suka kwantar da ni a kan tarin yadi suna mini fifita da kwali. Bayan kamar minti 20 abin ya lafa. Da gari ya waye aka auna jinina, aka duba zuciya, aka ce lafiya lau.

Ranar idi ina dawowa daga masallaci na rufe ɗaki. Tuwon Sallah ma ban iya ci ba. Waya ta yi ƙara, cikina ya ɗuri ruwa. Haka na kwashe wata biyu. Gwaggona ta ce iska ce, ta aiko da hayaƙi. Wani abokina kuwa cewa ya yi, "Malam, tawakkalinka ne ya yi rauni." Wannan maganar ta fi ciwon zafi, domin Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib har yau Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta.

Likitan ƙwaƙwalwa ne ya gaya mini sunan abin: ciwon fargaba, ga kuma ciwon damuwa a kansa. Ya ce jiki ne ke buga ƙararrawar haɗari alhali ba haɗarin, kuma rashin barci da shayi mai kauri da goron da nake ci don kore gyangyaɗi duk suna rura wutar. Ya ce ɓacin ran da ya wuce mako biyu, ya hana mutum ci da barci da sana'a, na asibiti ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba a 2019. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Na sha magani, ban kuma bar addu'a ba. Yanzu daga 15 ga azumi na daina karɓar ɗinki, ko na waye.

A yawon Sallah ma muna yi wa juna illa da baki. Matar da ba ta haihu ba a ce mata, "Har yanzu shiru?" Bazawara a tambaye ta yaushe za a sha biki. Magidanci yana lissafin bashin kayan yara, a ce masa ina ragon bana. Mai tambaya ya wuce abinsa, ya bar mutum da kwanan zaune.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi guda a makon ƙarshe na azumi, ku kawo likita ya yi bayani da Hausa. Ku sanar da jama'a cewa ana duba irin wannan ciwo a asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma a layinmu na teloli ban ga wanda ya taɓa jin labarinta ba.

Na gode.

Wani tela daga Kano