Amsa ga Alhajin 'Yan Lemo kan ayabar dala miliyan 6.2

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Ya kasuwa, ya iyali?

Ranar Asabar, a shirin rediyon da aka gayyace ni a matsayina na malamin zane, ka bugo waya saura ƙiris a rufe fili. Ka ce shekararka talatin da ɗoriya kana sauke ayaba a 'Yan Lemo, ga shi yaranka sun nuna maka a waya wai an manna ayaba ƙwaya ɗaya a bango da salatif, an sayar da ita dala miliyan shida. Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah: gaskiya ne? In gaskiya ne, fasaha ce, ko taɓin hankali, ko dabarar ɓatar da sawun kuɗi? Ka ƙara da cewa in dai sana'ar tamu ke nan, to in zo ka ba ni tirela guda mu raba riba. Mai gabatarwa ya kwashe da dariya, lokaci ya cika, ban ce uffan ba. Tun da a bainar jama'a ka tambaye ni, bari in amsa a bainar jama'a.

Yaranka ba su yi maka ƙarya ba. Wanda ya yi aikin wani ɗan Italiya ne, Maurizio Cattelan, ya kuma raɗa masa suna Comedian, wato da Hausa mu ce ɗan kama. A watan Disamba na 2019 aka fara nuna shi, a kasuwar baje kolin zane-zane ta Art Basel da ke Miami a Amurka. Kwafi uku aka fitar: biyu suka tafi a dala 120,000 kowanne, na ukun a dala 150,000. Ran 20 ga Nuwamba 2024 aka kai ɗaya gidan gwanjon Sotheby's a New York. Dillalan gidan sun yi hasashen dala miliyan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma aka yi ta tayi har aka sallama a miliyan 5.2, da la'ada ya kama miliyan 6.2. A canjin wancan lokacin ya ɗan haura naira biliyan goma. Kai ka fi ni sanin tirela nawa ke nan.

Sai dai akwai abin da hoton waya bai nuna maka ba, kuma nan zancen yake. Wanda ya biya kuɗin nan ya san ayaba ruɓewa take yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya mallaka takardar shaida ce mai tabbatar da cewa nasa kwafin na Cattelan ne, haɗe da bayanin yadda za a manna ayabar, har da tsawon da za ta kasance daga ƙasa, santimita 160. Bayan kwana bakwai zuwa goma, in ta fara baƙi, sai a cire ta a jefar a sa wata. Shi ya sa sau da dama ana cinye ta ba tare da an yi asarar ko sisi ba. Tun a Miami wani mai fasaha, David Datuna, ya zo ya ɓalle ta daga bango a gaban 'yan kallo ya ɓare ya cinye. Masu shagon suka aika aka kawo wata suka manna. A 2023, a gidan nune-nune na Leeum da ke Seoul, wani ɗalibi ya cinye ta ya mayar da ɓawon ya manna, da aka tambaye shi ya ce bai karya kumallo ba ne. Shi kansa wanda ya saye ta a gwanjo, Justin Sun, attajirin kuɗin kirifto, bayan kwana tara ya tara 'yan jarida a wani otal a Hong Kong ya cinye abarsa a gabansu, ya ce ta fi sauran ayaba daɗi.

To ka ga tayin tirelarka ya faɗi ke nan, Alhaji. Ko mun manne bangon Kano kaf da ayaba, ba mu da takardar. Kuma kada wannan ya ba ka mamaki sosai, don kai ma kana mu'amala da irinsa. Wanda ya sayi fili a Nasarawa ba jar ƙasar da ke wurin ya biya ba, don irinta ce a ƙauyenmu. Takardar mallaka da sunan unguwar ya biya. Kuɗin da ke aljihunka ma takarda ce da muka yarda da ita gaba ɗayanmu. Bambancin kawai, mu miliyoyi ne muka yarda da naira, su kuwa 'yan tsiraru ne suka yarda da sunan Cattelan, amma 'yan tsirarun nan aljihunsu da zurfi.

Maganar ɓatar da sawun kuɗi ba daga sama ka tsinto ta ba. An daɗe ana zargin kasuwar zane-zane da haka, don kaya ne marasa tsayayyen farashi, kuma sau da yawa ba a bayyana mai saye. Har ta kai daga 2020 Tarayyar Turai ta wajabta wa dillalan zane su tantance abokan cinikinsu idan ciniki ya kai Yuro 10,000. Amma a wannan cinikin dai mai sayen da kansa ya fito ya buga ƙirji. Mai ɓoye kuɗi ba ya kiran 'yan jarida. A nawa ganin talla ya saya, kuma ya same ta da araha, tun da ga shi har a 'Yan Lemo ana zancensa.

Saura tambayar da ta fi shafa ta, fasaha ce ko hauka. Bari in ɗan ja da baya. A da, babban aikin mai zane a Turai shi ne ya zana mutum ko doki ko gari ya fito sak. Da kyamara ta bayyana a 1839, inji ya fara yin wannan aikin cikin sauƙi, sai kiɗa ya canza, masu zane suka shiga neman wata rawar. A 1917 wani Bafaranshe, Marcel Duchamp, ya sayi kaskon fitsari irin na banɗakin maza, ya sa masa hannu da sunan bogi, ya aika da shi baje koli a New York. Masu shirya bikin suka ƙi nuna shi. Tambayar da yake yi ita ce: me ke mayar da abu fasaha, hannun da ya yi shi, ko ɗakin da aka ajiye shi da mutanen da suka ce fasaha ce? A 2004 aka tambayi masana 500, suka zaɓi kaskon nan a matsayin aikin da ya fi tasiri a fasahar zamani. Ayabar Cattelan jikanyar kaskon ce.

Tun daga nan aka buɗe ƙofar da har yau ba ta rufu ba, kuma abin dariya bai ƙare shigowa ta cikinta ba. A 2021 wani ɗan Italiya, Salvatore Garau, ya sayar da sassaƙar da ba a gani, wato iska tsagwaronta, a kan Yuro 15,000. A shekarar dai, gidan nune-nune na Kunsten a Denmark ya damƙa wa Jens Haaning kuɗi sama da krona dubu 500 ya jera su cikin firam a nuna wa jama'a; ya aiko musu da firam wayam, ya ce sunan sabon aikin "ɗauki kuɗin ka gudu". Kotu ta ce a 2023 ya mayar da mafi yawansu. Wanda ya fi ba ni dariya kuwa na Holan ne a 2024, inda mai gyaran lifta a gidan nune-nune na LAM ya ga gwangwanin giya biyu a loɓe, ya kwashe ya zuba a shara. Ashe aikin wani Bafaranshe ne da ya zauna ya fente su da hannu dalla-dalla har suka yi kama da shara. Da ƙyar aka tsamo su daga ledar bola. Ni ban ga laifin bawan Allahn nan ba, ya tarar da datti ne ya share.

Ra'ayina kan ayabar shi ne, wasan ɗan kama ne, kamar yadda mai ita ya faɗa da bakinsa. Ka san ɗan kama in ya naɗa rawani ya zauna kamar malami, ya buɗe baki sai zancen tuwo da miya. Abin da ke ba mu dariya shi ne mun san wanda yake kwaikwayo. Cattelan ma ya shiga kasuwar da attajirai ke zuba miliyoyi kan abin da aka rataya a bango, ya rataya musu abinci mafi araha, ya tsaya ya ga ko za su taya. Suka taya. A matsayin zambo ya yi kyau, na ba shi wannan. Amma zambon da wanda aka yi wa ya tashi ya yi wa maroƙin liƙi, don a ce shi ma ya iya ɗaukar wasa, ya daina cizo. Kuma wasa ne na sau ɗaya. In ka ji labarin ka gama da shi, ba abin da zai sa ka tsaya gabansa minti goma kana kallo. Ni kuwa ma'aunina ke nan a aikin zane: in na koma kallo na biyu, zan ga abin da ban gani ba da farko?

Washegarin shirin nan na shiga aji na tarar yarana sun manna guntun rake a allo da salatif, sun rubuta a ƙasa: naira biliyan goma, ba ragi. Na yi dariya tare da su, sannan na fito da hotunan aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Nsukka. Shi ma shara yake tsinta, murafen kwalaben barasa. Sai a baje su, a huda, a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da wayar tagulla, dubbai a kan dubbai, har su zama wani ƙaton mayafi mai sheƙi da ke saukowa daga bango yana lanƙwasa kamar shadda. A 2023 an rataya nasa a babban zauren Tate Modern a Landan. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a layin baya ta matso ta ce, Malam, wannan wata nawa aka yi ana ɗinka shi? Ba wanda ya tambayi farashi. Shi ma wannan fasahar zamani ce, Alhaji, kuma ita nake koyarwa. Kada ka haɗa mu gaba ɗaya ka zuba a kwando ɗaya saboda ayaba. In ka sami naira ashirin ka juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, wadda tukwanenta suka zaga Turai da Amurka ana nuna su. Hannu da ido da haƙuri ba su bar sana'ar nan ba, sai dai ba su cika shiga labarai ba, don ba sa ba da dariya.

Na bar wa ƙarshe abin da nake ganin ya fi kusa da kai. Ayabar da aka manna a Sotheby's ran gwanjon, a teburin wani mai sayar da kayan marmari da ke bakin titi kusa da ginin aka sayo ta, a kan abin da bai kai rabin dala ba. Dattijo ne ɗan Bangladesh mai shekara 74, teburin ma ba nasa ba ne, tsaro yake yi ana biyansa dala 12 a awa, a tsaye cikin sanyin New York. Da 'yar jarida ta je ta faɗa masa nawa aka sayar da ayabar tasa, sai ya fashe da kuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da labarin ya bazu, Justin Sun ya yi alkawarin sayen ayaba 100,000 daga teburin. Da na karanta wannan sai na ce da ma kai aka tambaya. Kai ka san teburin bakin titi ba shi da inda zai sauke wannan lodi, ka san abin da ke saura a kan ƙwaya ɗaya bayan an cire kuɗin sari da na mota da wadda ta nuna ta lalace a hanya, ka kuma san ko an sami ribar ta mai tebur ce, yaron shago albashinsa kawai zai karɓa. Cattelan bai tsara wannan ɓangaren ba, amma a wurina ya fi ayabar da salatif ɗin faɗar gaskiya kan yadda kuɗi ke tafiya a wannan kasuwa.

Saboda haka tirelar nan ka bar ta a hannunka, na gode. Abin da nake roƙo bai kai haka ba. In ka yarda, Asabar mai zuwa da sassafe zan zo da yara goma sha biyu da fensir da takarda, mu raɓe a gefen rumfarka lokacin da ake sauke kaya, su zana 'yan dako da kwanduna da tulin ayabar tun tana ɗanya shar. Ba za mu tare wa masu ciniki hanya ba. Wanda ya fi kyau a ciki zan sa a yi masa firam a kawo maka, ka rataya a rumfa da ƙusa.

A gaida mutanen kasuwa.

Naka,
Malamin zanen da ka tsare a rediyo