A nuna mana inda harajin birni yake tafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tanka wani zargi da masu riƙe da birane suke yawan yi wa jama'a: wai kowa yana son ruwan famfo da kwashe shara da fitilun titi, amma da an ambaci haraji sai a murtuke fuska. Ni ban yarda rowa ce ba. Wanda ya biya bara bai ga komai a ƙasa ba, da wane ƙarfin gwiwa zai biya bana?

Matsalar ma tana farawa ne daga yadda ake jin ra'ayin mutane. A tambaye su ko suna son a inganta ayyuka, su ce e. A sake tambayarsu ko za su yarda a ƙara haraji, su ce a'a. Sai a tashi da cewa jama'a ba su san abin da suke so ba. Da an ce musu ga magudanar ruwan da za a gina, ga kuɗinta, ga watan da za a gama, da amsar ta bambanta.

An gwada hakan a Stockholm, babban birnin Suwidin. A 2006 hukuma ta sa wa motocin da ke shiga tsakiyar gari kuɗi, alhali yawancin mutane ba sa so. Sai aka mai da abin gwaji na kusan wata bakwai. Motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, kowa ya gani da idonsa, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta watan Satumba mazauna birnin suka amince. A 2007 aka tabbatar da tsarin. Mutanen da suka ƙi da farko su ne dai suka yarda, domin gani ya kori ji.

A Porto Alegre ta Burazil kuwa, tun 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin kuɗi. Talakawa suka fi neman ruwa da magudanai da gyaran hanya. Birnin Paris ma ya ɗauki irin wannan tsari a 2014.

Sai dai mu ma da namu laifin, kuma wannan ya fi damuna. Muna tafa wa sabuwar gada da aka yanke wa kirtani a gaban 'yan jarida, ba ma tambayar wa zai canza bututun da ya tsufa a ƙarƙashin ƙasa, ko ya biya albashin mai shara da fanshon ɗan kwana-kwana. Ɗan siyasa ya san haka, shi ya sa yake ɗage gyara har sai abu ya lalace, a kashe ninkin kuɗin. Lokacin da birnin Detroit na Amurka ya bayyana karyewarsa a 2013, da bashin kusan dala biliyan 18, kimanin kashi 40 cikin 100 na fitilun titinsa a mace suke. Shekaru aka yi mutane suna ƙaura, haraji yana raguwa, ayyuka suna taɓarɓarewa, wasu kuma suna ƙara ƙaura.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka hukumar da ta karɓi haraji wajibi ne ta faɗi inda ya tafi. A nan nake roƙonku. Duk shekara kuna buga labarin gabatar da kasafi, daga nan sai shiru. Ku ware shafi guda kowane wata uku, ku kawo abin da aka tara, da aikin da aka yi alkawari, da hoton wurin yadda yake a ranar. Ku kuma aika wakilinku ya tambayi mazauna unguwar ko famfon yana kawo ruwa.

Naka,
Wani mai karatu