Barka da Sallah daga Bamingham

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Da fatan an sauko idi lafiya, an yi layya lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewa.

A wannan watan agogonmu ɗaya da naku, shi ya sa tun asuba nake bin ku a zuci. Da tara ta yi na ce yanzu Ƙofar Doka ta cika. Can da hantsi na ce yanzu Baba ya tuɓe babbar riga yana wasa wuƙa, Yaya Sani ya danne rago. Mu a filin Small Heath muka yi salla a kan ciyawa, jama'a ba masaka tsinke, 'yan Fakistan da Somaliyawa da Larabawa. Amma ana sallamewa kowa ya nufi motarsa. Ba doki, ba kakaki, ko ƙura babu. Garin bai ma san ana Sallah ba, hutun yau sai da na roƙa a wurin aiki. Layya kuwa kuɗi na biya wani mai shagon nama a titin Coventry, jibi in je in karɓo a leda, inji ya yayyanka. Ɗan mahauta, jikan mahauta, yana jiran nama a leda! Don Allah kada maganar nan ta kai kunnen Kawu Ɗanjuma, sai ya shekara yana yi mini dariya.

Naman ma da sauƙi. Abin da ya tokare mini ƙirji yau shi ne kalangun Tanko. Kun san yadda yake yi, tun yana bakin lungu zai saki taken Baba, Inna ta ce "ga mayen nan ya iso", alhali ta riga ta ware masa cinya.

Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba roƙo na fara ba. A hunturun da ya wuce, lokacin da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, na sayi wata tsohuwar na'urar kiɗa a kasuwar Lahadi, inda Turawa ke buɗe bayan mota su baje tsofaffin kaya. Gwanjonsu ke nan. Fam 35 na ba wani dattijo, ya ce shekara da shekaru da ita yake raka jitarsa. Sunanta Alesis SR-16, samfurin da ya fito tun 1990, wato ta girme ni. Baƙa ce, ba ta kai tiren shayin Inna faɗi ba. Tana da maɓallan roba 12 da ake bugawa da yatsa, in ka buga da ƙarfi ta yi ƙara, in ka taɓa a hankali ta yi ƙasa-ƙasa. An zuba mata sauti 233 da shiryayyun kiɗa 50, kusan duk na Turawa, sannan an bar gurbi 50 mutum ya tsara nasa. Masu situdiyo na yanzu raina ta suke yi, wai ta 'yan koyo ce. Ni dai ta raka ni dare da yawa.

Na sa wa raina sai na fitar da taken Baba a cikinta kafin Sallah. Na lalubo wata ganga mai taushin murya, na ɗora ta a maɓalli uku, ɗaya na ɗaga muryarta, ɗaya na sauke, ɗaya na bari a tsakiya. Na huɗu na sa masa wani ƙaramin sauti ya tsaya a madadin kuntuku. Sati uku ina fama, da abin saurare a kunne, don bangon ɗakin nan kamar kwali yake, maƙwabciyata ta taɓa ƙwanƙwasa mini sau ɗaya, ban so a yi na biyu ba.

Matsalar farko, na'urar tana da halin sojan fareti. In bugunka ya ɗan yi gaba ko baya sai ta ja shi ta daidaita masa sahu. Shi kuwa Tanko, daɗin kiɗansa a wannan ɗan jinkirin yake, kamar zai makara sai ya faɗo daidai. Da na gano inda ake kashe gyaran, sai kuma nauyin hannuna ya fito fili. Ta biyun ita ce ba ta da magani. Kalangu a hammata ake matse shi, tsarkiya ta ja fata, murya ta hau ko ta gangaro bayan gula ta riga ta sauka. Nan maganar take. Tawa kuwa murya uku ce a tsaye ƙiƙam, ba mai miƙa wa wata hannu. Na kunna wa wani abokin aikina, Bahaushen Zangon Kumasi, ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ganga dai na ji, amma ba ta ce komai ba."

Duk da haka yau da na dawo idi na kunna ta, na zauna bakin gado da sabuwar shaddata. Sau biyu na saurara, a na uku na kashe.

Na tura wa Habu a WhatsApp, ya kunna muku bayan la'asar, ku yi dariyarku. Habu, aikinka ɗaya: in Tanko ya dawo gobe ka ɗauko mini shi a waya, ka matsa kusa, hammatar da hannun hagun nake son gani, ba fuskarka ba. A ba shi dubu biyar cikin kuɗin da na turo, a ce daga ɗan Ingila.

Ina gaida Yaya Sani da iyalinsa, da Baffa, da mutanen Tudun Wada. Gwaggo Asabe, na ji saƙonki, amma kada ki ba kowa soyayyen nama ya taho mini da shi, a filin jirgi za a ƙwace, ba a shigo da nama ƙasar nan. Ki ci rabona, ki tuna ni a wajen ƙashin. Ina gaida matata Iya tsohuwa. A gaya mata ban yi mata kishiya Baturiya ba tukuna, amma in ta ci gaba da ɓoye mini goro a ƙarƙashin filo zan sake shawara. A duba mata ƙafar nan da kyau, ta daina cewa ta warke alhali da bango take tafiya, kuma turmin atamfar da na aiko nata ne ita kaɗai, kada ta yanka wa kowa. Ummi da Sadiƙu, goron Sallarku na hannun Inna. Kawu Ɗanjuma ma a gaishe shi.

Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a. Ƙarfe tara ta wuce, rana ba ta faɗi ba tukuna, ina jiran magariba in kwanta, gobe shida na safe ina bakin aiki.

Ɗanku,
Lawal