Zuwa ga abokan cinikinmu: mun haɗa hannu da majeman Damagaram

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ga iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu sayen jaka da takalma da matasan fata a shagonmu nan Daura.

Da yawanku kun lura fatar kayanmu ta ƙara laushi, jan launin ma ya fi kama ta, kuna tambaya ko mun sake majemi. Haka ne. Tun da aka sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na 2024 muka ƙulla yarjejeniya da wasu majema a Damagaram: su jima tasu ce, mu kuma yanka da ɗinki da neman kasuwa.

Fatar jar akuya suke kawo mana, wadda ake kira ta Maraɗi. Sai an jiƙa ta a ruwan toka gashin ya saki, a kankare, ta kwanta a ruwan bagaruwa har ta ƙoshi, sannan a shafe ta da mai a yi ta murza. Jan da kuke yabawa na karan dafi ne. Ku naɗe bakin jakar da yatsa ku sake shi, za ku ga ya koma yadda yake ba tare da tsagewa ba. Wannan haƙurin ne muke so yaranmu su koya, shi ya sa muke tura almajiran shago can su zauna wurin dattawan majema. Nasu yaran kuma suna zuwa nan su koyi keken ɗinkin fata, da sabon yanka irin na jakar kwamfuta, da yadda ake ɗaukar hoton kaya a tallata a WhatsApp.

Ba mu manta rufe iyakar Agusta 2019 ba, balle ta 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Fata ta taru a can ba mai saye, mu nan kekuna sun yi shiru. A ganinmu duk saɓanin da ya shiga tsakanin gwamnatoci, bai kamata talaka mai sana'a ya fara ɗaukar nauyinsa ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa a 1971 ta samu ne don irin wannan hulɗa, kuma muna roƙon shugabanni su riƙa tuna masu ƙananan sana'o'i in sun zauna. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Daura zai ratsa. Allah Ya nuna mana kammala shi.

Sai batun farashi, wanda ba za mu ɓoye muku ba. Da sefa muke biyan fata, kuma ta Kongolam muke shigo da ita da takardunta, ba ma bin ɓarauniyar hanya. Don haka jaka da matashi sun ɗan tashi. Takalman yara suna nan a kuɗinsu na da.

'Yan uwanmu na Matamaye da Magariya, kuna iya biya da sefa, canjin ranar za mu bi. Wanda ɗinkin kayansa ya warware ya dawo mana da shi, gyaran kyauta ne. Iyayen da ke son ɗansu ko 'yarsu ta koyi dukanci su zo shago da safe mu tattauna.

Mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Mai shago da ma'aikatansa, Daura