Gubar dalma na bin ruwa zuwa fadamun shinkafa

Edita,

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum. Har yau ana wanke dutsen zinariya, mai ɗauke da dalma, a rafukan da ke shayar da fadamu. Dalma ba ta ruɓewa. Tana kwanciya cikin laka, ambaliya ta shimfiɗa ta a gona. Zaibar da ake kama zinariya da ita kuwa, a ƙasar da ruwa ya kwanta take rikiɗewa ta shiga ƙwayar shinkafa, kuma dafuwa ba ta fitar da ita.

A haƙa ramin wanki nesa da rafi. Kada a shanya shinkafa inda aka shanya dutse, ko a niƙa hatsi a injinsa. Ma'aikatar gona ta gwada ƙasar fadamun nan kafin damina.

Wasu malaman gona,
Gusau